Na shiga jami'ar zane da suna, yanzu ina ganin kamar ban iya komai ba

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a shekarar farko a wata jami'ar koyon zane da tsara fasali da ke tsakiyar wani babban birni. Tun ina firamare aka san ni da zane, hoton duk wanda aka ba ni zan fitar da shi da fensir kamar a kira shi ya amsa. Amma tun da na shiga jami'a gwiwata ta yi sanyi. A zaman sharhi na ƙarshe, dare uku na yi ina zana fuskar wata tsohuwa, malamin ya kalla ya ce, "Hannu akwai, amma ina tunanin?" Ya wuce kan aikin wani yaro da ya liƙa yagaggun takardu, suka daɗe suna magana a kai. Makina na zangon farko da ƙyar ya kai na wucewa. Inda nake zaune akwai nisa, awa ɗaya da rabi zuwa, haka dawowa, don haka ana tashi darasi nake kama hanya, in yi aikina a ɗaki da dare. Kuɗina duk a kan kayan aiki yake ƙarewa. Fostar da na buga ta jarrabawa shuɗin ya koma shunayya, injin yanka kuma ya cinye gefen rubutun. Babana kullum tambayarsa wane aiki zan samu da wannan karatu. Anti, in haƙura in canza fanni tun da wuri?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kada ki canza fanni yanzu. Na bi wasiƙarki layi-layi, ban ga inda ta nuna ba ki da baiwa ba. Abin da na gani shi ne ɗalibar da ta shiga jami'a da salon aikin sakandare: ta koma gefe ita kaɗai, ta raba dare a kan abu guda, ta kawo shi a kammale tana jiran yabo. A makarantar zane ba a nan gizo ke saƙar ba. Waɗanda suka shigo da suna irinki ma sun fi shan wannan faɗuwar gaba a zangon farko, domin wanda ya shigo hannunsa bai faɗa ba ba shi da wata tsohuwar ɗabi'a da zai kwance.

Mu fara da maganar malamin, tunda ita ta fi ci miki rai. Idan kika kwafi hoto, mai kyamara ya riga ya yanke duk shawarwarin da ke sa zane ya zama na mai shi: daga ina haske zai zo, ta wane ɓangare za a kalli fuskar, me zai shiga, me za a bari a waje. Ke sai dai ki ɗauko daga wannan takarda ki kai waccan. Gwaninta ce, kuma za ta yi miki rana nan gaba, amma ba ita kaɗai ake aunawa ba. Yaron nan mai yagaggun takardu, mai yiwuwa aikinsa bai kai naki kyan gani ba, sai dai akwai abin tattaunawa a kansa: me ya sa ya yaga bai yanka ba, me ya sa wannan launi ya zauna kusa da wancan, sau nawa ya gwada kafin ya tsaya a nan. Naki kuwa da an ce "ya yi kama" magana ta ƙare.

Kuma ba malaminki ne ya ƙirƙiro wannan tsari don ya ƙuntata miki ba. Makarantun zane da yawa sun gaji shekarar share fage ne daga Bauhaus, makarantar da Walter Gropius ya kafa a Weimar ta ƙasar Jamus a 1919. A can kowane sabon ɗalibi sai ya bi ta wani kwas na farko, wanda Johannes Itten ya fara jagoranta, daga baya László Moholy-Nagy da Josef Albers suka karɓa a 1923. Albers yakan sa ɗalibai su ɗauki takarda zalla su gano abin da za ta iya zama in an naɗe ta, an lanƙwasa, an tsaga, ba tare da an zana komai a kanta ba. Manufar a raba ɗalibi da abin da ya saba, ya koyi halin kayan aiki da hannunsa. Abin da ake yi miki ke nan, ko da ba a yi miki bayaninsa ba.

Abu na farko da za ki yi a makon nan, ki nemo takardar ma'aunin ba da maki ta kowane kwas. Tana cikin littafin jagorar kwas ko a ƙarshen takardar umarnin aiki, kuma ɗalibai kaɗan ne ke karanta ta. Sunaye sukan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma galibi za ki tarar an raba makin gida huɗu ko biyar: bincike, gwaje-gwaje, ƙwarewar hannu, bayanin abin da aka koya, sai kammalallen aiki da yadda aka gabatar da shi. Dararen nan uku na fuskar tsohuwa kusan duk a gida ɗaya suka zuba, sauran gidajen kin bar su wayam. Ki ɗauki takardar sakamakonki ki sami malamin a lokacin da ya ware don ganin ɗalibai, ki ce, "Malam, a ina na fi rasa maki, kuma me kake son gani a aiki na gaba?" Kada ki je roƙon ƙarin maki, wannan ƙofar a rufe take, kuma ɓata zaman kawai za ta yi.

Ga yadda aikin mako 4 ya kamata ya tafi. Ranar da aka ba da umarni ki karanta shi sau biyu da biro a hannu, ki ja layi ƙarƙashin girman da aka ce, adadin da ake so, kayan da aka yarda da su, da ranar miƙawa. Makon farko na fita ne da tarawa. Ki je ki ga abin da idonki, ki zana shi a wurin, ki ɗauki hotunanki da kanki, ki shiga laburare ki duba mutum biyu ko uku da suka taɓa fama da irin matsalar. Sannan ki yi ƙananan zane 20 zuwa 30, kowanne kamar santimita 5 da 7, kada ɗaya ya ci miki fiye da minti 3. Goman farko abin da kowa a ajin zai yi tunani ne. Wanda yake naki yakan fara leƙowa ne bayan kin gaji kin ga kamar babu saura. A mako na biyu ki zaɓi 3, ki gwada kowanne da kaya iri biyu ko uku, misali gawayi, tawada da yankakkiyar takarda, ki nuna wa malami tun suna ɗanye. A nan ne masu hannu irinki suke noƙewa, ba sa son a ga aikinsu bai gama kyau ba, alhali gyaran mako na biyu shi ne mai sauƙi, tunda ba a zuba kuɗi ko darare a ciki ba tukuna. Mako na uku ki tsaya a kan guda, ki yi shi a cikakken girmansa amma da kaya masu arha. Na huɗu na kammalawa ne, kuma ki sa wa kanki wa'adi kwana 3 kafin wanda aka rubuta, domin a kwanakin ƙarshe ne layin firinta ke tsawo, injin ya tsaya, fenti ya ƙi bushewa.

Duk wannan tafiya a littafin gwaji take zama, kuma shi malamai ke buɗewa kafin su ba da maki. Ki sa kwanan wata a kowane shafi, ki rubuta layi biyu a gefe: me na gwada, me bai yi ba, me zan yi gaba. Kada ki yage shafin da ya lalace, shi ne shaidarki. Kada kuma ki gama aiki sannan ki zauna dare ɗaya ki cike littafin a baya. Ana ganewa: biro ɗaya daga farko har ƙarshe, shafuka tas, ba a taɓa bin hanyar da ta ɓulle a banza ba.

Hannun naki ma yana da gyara. Mai kwafar hoto yakan fara daga ido ɗaya, ya gama shi tsaf, ya gangara hanci, sai ya kai kafaɗa ya tarar takarda ta ƙare ko kai ya fi jiki. Maganinsa zana abu mai rai ko abin da ke gabanki, a tsaye, da gawayi, a kan babbar takarda mai arha, kina motsa hannu daga kafaɗa ba daga yatsu ba. Ki fara da zane 10 na daƙiƙa 30, sai 5 na minti 2, sai 2 na minti 10, sannan guda na minti 20. A kowanne, dukan siffar daga kai zuwa ƙafa ta fara hawa takarda, kafin ki taɓa ido ko yatsa. In za ki auna, ki miƙe hannu gaba ɗaya da fensir, ki rufe ido guda, ki ɗauki tsawon kai ki ƙirga sau nawa ya shiga jiki. Da kin lanƙwasa gwiwar hannu awon ya canza, shi ya sa na wasu ba ya taɓa daidaita. Ki kuma riƙa zana ramin da ke tsakanin hannu da ƙugu, ko tsakanin ƙafafun kujera, domin ƙwaƙwalwa ba ta da wata siffa da ta haddace masa, dole ido ya duba da gaske. Magogin fensir ki bar shi a jaka na wata guda.

Zaman sharhi shi ma ana shirya masa. Ki iso da rabin awa kafin lokaci, ki rataye aikin tsakiyarsa ta zo daidai ido, wajen santimita 150 daga ƙasa, ki jera gwaje-gwajen a gefe, littafin a buɗe. Ki tanadi jimla uku: abin da na nufa, abin da na gwada, inda na maƙale. Kada ki buɗe da ban haƙuri ko "ban samu lokaci ba", kin miƙa musu sandar dukanki ke nan. Ki roƙi ƙawa ta rubuta duk abin da aka faɗa, ke ma ki yi mata a nata, saboda mutum a tsaye gaban aji zuciya na bugawa ba ya riƙe rabin abin da aka ce, kuma mai ɗacin ne kaɗai ke bin sa gida. In aka ce "bai yi ba", ki tambaya, "Wane ɓangare, kuma ina idonka ya fara sauka?" Washegari, ba a ranar ba, ki karanta rubutun ki tace. Abin da mutum uku suka faɗa ta hanyoyi daban-daban gaskiya ne, ki gyara. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, ra'ayi ne, ki gwada shi a ƙaramin zane ki ga ko ya yi miki. Ki kuma riƙa magana a kan aikin wasu, a nan ake koyon kalmomin sana'ar. Idan kuwa sharhi ya bar aiki ya koma kan mutuncinki, sutura, addini ko asali, wannan ba koyarwa ba ce. Ki rubuta rana da abin da aka faɗa, ki kai wa malamin da ke kula da ke ko shugaban sashe. Abin da kika kawo na malaminki dai bai kai nan ba. Ya yi kaushi, amma a kan aiki ya tsaya.

Yanzu ga abin da a ganina ya fi kowanne yi miki ɓarna, wato tafiya gida da an tashi darasi. A karatun zane lacca ƙaramin kaso ce. Mafi yawan abin da ake biya wa kuɗin makaranta yana ɗakunan aiki: wurin buga zane, ɗakin yumɓu, ɗakin katako da ƙarfe, manyan firintoci, haske mai kyau, bango mai faɗi da za ki rataye aiki ki ja baya mita 3 ki kalla. A can ne za ki ga yadda 'yar shekara ta uku ke shimfiɗa takarda ta jiƙa ta, ki ji wani yana bayanin yadda nasa ya tsage a wuta, a ba ki ragowar kwali. Malamai ma sukan zaga su yi gyara a tsaye, kuma wanda suka tarar shi ke samu. Sai masu kula da ɗakunan aiki, waɗanda sabbin ɗalibai ke wucewa ba gaisuwa. Su suka san halin kowane inji, su ke riƙe da jerin masu jiran gashin yumɓu, su za su ce miki wannan gam ba ya kama wancan roba kafin ki yi asarar kwana biyu. Ki yi rajistar horon shiga kowane ɗaki tun yanzu, ko ba ki da aiki a can, domin ba a barin wanda bai yi horon ba ya taɓa inji, kuma gab da jarrabawa gurbi ba ya samuwa.

Awa 3 a hanya kullum awa 15 ce a mako. Lokacin da kike fita kuwa shi ne lokacin da kowa ke tashi daga aiki, hanya ta cushe. Ki ware kwana biyu ko uku a mako ki zauna a ɗakin aiki har cunkoso ya lafa, ko ki yi sammako ki riga kowa, wanda ya fi miki kwanciyar hankali. In zaman yamma ne, ki san lokacin motar ƙarshe, ki sami abokiyar tafiya, na gida su san ranakun. Ki nemi loka ko aljihun tebur mai makulli don kada ki riƙa jigilar kaya. Abin da ya zama dole ki ɗauka, zanen gawayi ki fesa masa maganin kamawa a waje ki rufe da takarda mai santsi, kyallen da aka yi wa fenti kuma in za a naɗe fuskar fentin ta kalli waje, in ta kalli ciki tsagewa take yi. Ɗanyen fentin mai ba ya shiga motar haya. Hanyar kanta kada ta tafi a banza: ƙaramin littafi na aljihu da biro, ki zana hannaye a kan jaka, takalma, ƙeyar wanda ke gabanki, rufin gine-gine in mota ta tsaya. Ba wanda zai tsaya miki, dole ki kama siffa da sauri, wanda shi ne abin da hannunki ke nema. Hoton mutane dai kada ki ɗauka sai da izini.

Aikin gida ki bar shi ga karatu, rubutu da ƙananan zane. Ƙwan lantarki mai jan haske yana ɓoye rawaya ya kashe shuɗi, sai gari ya waye ki ga launin ba shi ba ne. In dole ne, ki sa ƙwai mai farin haske na wajen 5000K wanda aka rubuta CRI 90 ko sama a kwalinsa. Tafentin, wato ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, da fentin feshi kuwa ba sa kwana ɗaki ɗaya da mutum.

Batun kuɗi, yawancin asarar shekarar farko daga sayen komai a makon farko take zuwa. Kada ki sayi abu sai aikin da ke buƙatarsa ya zo, kuma kin tambayi 'yan gaba da ke ko da gaske ana amfani da shi. Takarda da nauyinta ake gane ta: mai giram 45 zuwa 50, irin ta jarida, ta ishi atisayen gawayi, mai 120 zuwa 160 ta zanen fensir da tawada ce, mai 300 kuma ta fentin ruwa, ita ce mai tsada, sai aikin ƙarshe. Ki saya a manyan falle ke da mutum biyu ko uku ku yanka, ya fi littafin da aka ɗinke arha. Kada ki sayi akwatin fenti mai kala 24. Shida sun isa: fari, rawaya mai haske, rawayar ƙasa, ja, shuɗi da ruwan ƙasa. Ki duba lambar sinadarin launi a jikin bututun, PW6 fari ne, PB29 shuɗi, PBr7 ruwan ƙasa. Mai lamba ɗaya ya fi mai lambobi uku tsabta in an gauraya. Akwai kuma lambar rukuni, 1 ce mafi arha, masu sinadarin kadmiyum da kobalt ne ke can sama, ba kya buƙatarsu bana. Fari ki sayi babba, shi ke ƙarewa. Inda bai kamata a yi ƙwauro ba: buroshi 3 masu kyau, rula ta ƙarfe, da sabbin reza. Dakusasshiyar reza ita ke yaga kwali, ita ke zamewa ta yanki yatsa, don sai an danna ta da ƙarfi. Ki yanka sau uku a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi. Buroshin da aka bar fentin akirilik ya bushe a gindinsa ya tafi ke nan. A ƙarshen shekara masu kammalawa kan bar allo, katako da ragowar fenti, ki kasance a wurin. Maɗaba'u da shagunan firam na birni ma suna zubar da gutsattsarin takarda da kwali masu kyau, tambaya kawai ake yi. Ki kuma leƙa ofishin kula da ɗalibai ki ji ko akwai tallafin kayan aiki, sannan ki tabbatar ko makaranta na ba da manhajojin zane kafin ki biya da kanki.

Fostarki abu biyu suka same ta, kuma kowanne yana da magani. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Firinta kuwa da tawada huɗu take aiki, CMYK, wato C shuɗi mai haske, M ja mai ruwan hoda, Y rawaya, K baƙi, kuma akwai launukan da haske ke iya yi tawada ba ta iyawa. Shuɗi mai ƙyalli yana cikinsu. In aka juya shi zuwa CMYK, C da M sukan zo kusan daidai, sai ya fito shunayya. Ki tambayi masu bugawa tsarin launin da suke so kafin ki buɗe fayil, ki duba lambobin shuɗinki, ki bar M ƙasa da C da aƙalla 30, misali C 100 da M 60. Ƙananan baƙaƙen haruffa ki yi su da K 100 kaɗai, in tawada huɗu suka haɗu a kansu gefensu yakan yi inuwa. Ki rage hasken fuskar kwamfutarki, in ya yi yawa bugu yakan fito da duhu. Yankan kuwa, wuƙar inji takan goce da milimita ɗaya ko biyu, shi ya sa ake barin launin bango ya zarce iyakar takarda da milimita 3 ta kowane gefe, rubutu kuma ya ja ciki da aƙalla milimita 5. Takardar A3 milimita 297 da 420 ce, a ma'aunin ɗigo 300 a inci tana son fiksel 3508 da 4961. A1 kuwa 594 da 841 ce, kuma tunda daga nesa ake kallonta ɗigo 150 ya wadatar. Ki fitar da PDF da haruffan a cikinsa, sannan ki buga ɗan yanki na fostar a cikakken girmansa, a kan takardar da za a yi amfani da ita, kafin ki biya kuɗin babba.

Kowane kayan aiki da nasa agogon, ki lissafa daga ranar miƙawa ki dawo baya. Akirilik siriri yakan bushe cikin rabin awa. Fentin mai kwanaki yake ɗauka, mai kauri har mako biyu ko fiye, kuma shafin farko ne ke zama marar mai sosai, na sama ya fi mai, in aka juya yakan tsattsage. Yumɓu yana son mako guda ko fiye ya bushe a hankali, yana raguwa da wajen kashi 10 cikin 100 ko sama kafin ya gama gasuwa, kuma duk abin da ya wuce kaurin santimita biyu da rabi a rarake cikinsa, in ba haka ba ragowar damshi ya zama tururi ya fasa shi, har ya ɓata na maƙwabta. Ƙurar yumɓu da ɗanyen tsumma ake goge ta, ba a share ta, tana illa ga huhu. Filasta, farin garin da ake kwaɓawa a zuba a fitar da siffa, zafi take yi in tana kamawa, kada ki taɓa tsoma hannu ki bar shi a ciki, kada kuma ki zuba ragowarta a magudanar ruwa. Tsumman da ya sha man linsid, man da ake haɗa fentin mai da shi, in aka dunƙule shi aka jefa kwando yana iya kama wuta da kansa, akwai gwangwanin ƙarfe mai murfi da aka tanada masa.

Duk aikin da kika gama, har da gwaje-gwaje, ki ɗauki hotonsa a ranar, a hasken inuwa ko da fitila biyu ta gefe da gefe, kyamara na kallon tsakiyarsa kai tsaye. Fayilolinki su zauna a wuri 3, ɗaya daga ciki a ma'ajiyar intanet. Daga nan kundin ayyukanki zai fito, kuma shi masu ɗaukar aiki ke fara dubawa kafin takardar shaida.

Wannan ya kawo mu kan Baba. Tambayarsa a kan hanya take, kuma ba a amsa ta da "ina son abin". Ki kawo masa sunayen ayyuka: tsara tambari da kwalin kaya, tsara littattafai da mujallu, zanen atamfa da yadi, zanen littattafan yara, katun mai motsi, tsara fuskar manhajar waya, tsara kayan ɗaki, shirya baje koli, koyarwa. Ki gaya masa gaskiya kuma, cewa mai rayuwa da sayar da zanen rataye kaɗai kuɗinsa ba ya zuwa a kan kari, yawancinsu suna haɗawa da wani aiki, ɓangaren tsara fasali kuwa ya fi samun aikin albashi. Ki tambayi sashenku inda waɗanda suka gama a shekarun baya suke aiki, da ko akwai zangon koyon aiki a kamfani. In lokacin baje kolin masu kammalawa ya zo, ki roƙe shi ya raka ki. Uba ya ga kujerar da ɗalibi ya ƙera ko kwalin magani da aka tsara da idonsa ya fi dogon bayani.

Akwai dai lokacin da canza fanni yake zama daidai. Ki bi wannan tsari har ƙarshen zango na biyu, sannan ki duba. Idan maki ya ɗaga ko da kaɗan, ko kin fara samun kanki a ɗakin aiki lokaci ya wuce ba ki sani ba, ki zauna. Idan kuwa kin gano kwafar hoto ce kaɗai ke miki daɗi, gwaji da bincike kuma azaba ne ko da sun yi kyau, to ki sake tunani ba tare da jin kunya ba, amma ki fara duba wani reshe a cikin makarantar, domin mai hannu irin naki sau da yawa zanen littattafai ko na kimiyya ya fi karɓarsa. Kafin nan, ki je ofishin rajista a watan nan ki tambayi ranar da ake rufe neman canjin fanni, da kwasa-kwasan da za a lissafa miki in kin koma wani sashe, ki rubuta ki ajiye. In barci ya ƙaurace miki ko kuka ya zama na kullum, kada ki jira ƙarshen zango, ki sami mai ba ɗalibai shawara a makarantar a makon nan.